NA'URAR RFID A GONAR KAJI DA KIFI: YADDA TAKE AIKI, DA LOKACIN DA YA DACE KA SAYE TA



Duk wanda ya daɗe a harkar nan zai gaya maka asara iri biyu ce. Akwai mai zuwa da ƙara, kamar cuta ta faɗa ɗaki ka wayi gari ana kwashe matattu. Akwai kuma mai zuwa shiru: buhun abinci ɗaya yau, kiret biyu gobe, baƙo ya shiga ɗakin kaji ba wanda ya san da shigarsa. Ita wannan ta biyun ce ke cinye jari mai gona bai ankara ba, sai ƙarshen zagaye ya zauna lissafi ya ga kaji sun yi ƙwai, kifi ya yi nauyi, amma aljihu wayam.

Saboda haka ne masu tallar na'urori suka fara zagaya gonaki da wata fasaha da ake kira RFID, suna cewa ita ce maganin sata da sakaci. Yau za mu warware ta dalla-dalla, don kada a sayar maka da abin da ba ka buƙata, kada kuma ka ƙi abin da zai cece ka.

MECE CE RFID?

Hanya ce ta gane abu ko mutum ta igiyar rediyo, ba tare da an taɓa shi ba. Kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Katin ATM ɗin da ake ɗorawa a kan POS ya cire kuɗi ba a zura shi ba, katin buɗe ɗakin otal, fasfo na zamani mai cip a ciki, katin shiga motar BRT a Legas, duk dangi ɗaya ne. Waɗanda suka yi zaɓen 2015 ma sun ga kad rida tana karanta katin zaɓe.

Abu uku ne ke haɗuwa su yi aikin:

1. Tag. Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce ƙarama da aka haɗa da siririyar waya mai aikin eriya. Ana saka ta cikin kati, ko sitika, ko maƙalin makulli, ko ɗan kunnen dabba, ko 'yar kwalba kamar ƙwayar shinkafa. Kowane tag yana da lambarsa shi kaɗai.

2. Rida, wato na'urar da ke karanta tag ɗin. Akwai ta hannu, akwai wadda ake kafewa a jikin ƙofa.

3. Wurin ajiye bayani: manhaja a waya ko kwamfuta, inda aka rubuta cewa lamba kaza ta wane ce, lamba kaza ta kiret kaza ce.

YAYA TAKE KARANTAWA BA BATIR?

Yawancin tag ba su da batir. Rida ce ke watsa igiyar rediyo a kewayenta. Da zarar tag ya shigo wannan da'irar, eriyarsa ta ɗebi ɗan ƙarfin lantarki daga igiyar, ƙwaƙwalwar ta farka, ta mayar wa rida da lambarta. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba. Rida ta ɗauki lambar, ta haɗa da rana da lokaci, ta adana. Shi ya sa tag ke shekara da shekaru yana aiki, ba caji ba canjin batir.

Akwai masu batir kuma, waɗanda ake iya jin su daga nesa, mita ɗari ko fiye. Waɗannan na manyan kwantenoni da motocin kamfani ne, tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramar gona.

Bambancinta da lambar zane-zane da ake gani a jikin kayan kanti shi ne, waccan sai na'ura ta gan ta ido da ido, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ƙura ko kashin kaji ya rufe ta shi ke nan. RFID kuwa tana karantawa ta cikin kwali, roba, buhu ko datti.

IRI UKU NE, KUMA BA SA JIN YAREN JUNA

Kamar yadda kowace tashar rediyo ke da mitarta, haka waɗannan. Nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗi, su sayi tag na wani zango su sayi rida ta wani.

• Ƙaramin zango, kilohaz 125 da 134.2. Tazarar karatunsa gajera ce, 'yan santimita kaɗan, amma ruwa da naman jiki ba sa dame shi. Kilohaz 125 na katunan ƙofa ne masu araha. Kilohaz 134.2 kuwa shi aka ware wa dabbobi a duniya, ƙarƙashin ƙa'idar ISO 11784 da 11785. Lambar dabba tana da alƙaluma 15, ukun farko na nuna ƙasa ko kamfanin da ya ƙera. Lambar Nijeriya 566, ta Nijar 562.

• Matsakaicin zango, megahaz 13.56. Shi ne na katin banki da na otal. NFC ɗin da ke cikin wasu wayoyin hannu ma a nan yake. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

• Babban zango, tsakanin megahaz 860 zuwa 960. Wannan shi ne na harkar dakon kaya da manyan sito. Yana karantawa daga mita da dama, kuma yana iya kwashe tag masu yawa a lokaci guda. Rauninsa biyu: ruwa na shanye igiyarsa, ƙarfe na karkatar da ita.

Wayarka mai NFC za ta karanta na tsakiya ne kawai. Ba za ta karanta tag ɗin cikin kifi ba, ba za ta karanta na babban zango ba.

TAƘAITACCEN TARIHI

Tushen abin tun yaƙin duniya na biyu ne, lokacin da sojojin Ingila suka sa wa jiragensu na'urar da ke amsa wa rada, don a bambanta jirgin gida da na abokan gaba. A shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Charles Walton ya ƙirƙiro makullin ƙofa da ake buɗewa da kati. Harkar dakon kaya kuwa ta rungume ta sosai ne bayan 2003, da kamfanin Walmart na Amurka ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su riƙa manna tag a kwalaye kafin Janairun 2005.

A ɓangaren kiwo, Ostireliya ta fara tsarin bin diddigin shanu da irin wannan ɗan kunne a 1999, Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan tumaki da awaki daga 2010. Dalilinsu guda ne: in cuta ta ɓulla, a san inda dabba ta fito da inda ta bi.

AIKI NA FARKO: WA YA SHIGA, YAUSHE YA SHIGA?

A gonar kaji, ƙofa ita ce rigakafin farko. Murar tsuntsaye mai tsanani ta fara bayyana a Nijeriya ne a farkon 2006, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ta sake dawowa da ƙarfi a 2015 ta Kano da Legas. Ita da Gumboro da Niyukasil ba sa buƙatar fukafuki kafin su iso gonarka. Takalmin dillalin ƙwai ya ishe su, ko tayar mota, ko kiret ɗin da ya kwana a wata gona, ko yaronka da ya fito daga ɗakin manyan kaji ya wuce kai tsaye wajen 'yan tsaki.

Ga yadda ƙofa mai kati ke aiki. Ana kafa rida a waje, a haɗa ta da wani ɗan akwati mai yanke hukunci, shi kuma a haɗa shi da makullin lantarki. Kowane ma'aikaci da katinsa. Kai ne za ka tsara: katin mai kula da 'yan tsaki ya buɗe ɗakin raino kaɗai, katin mai sito ya buɗe sito daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, bayan nan ya daina aiki. Duk wanda ya ɗora kati, ko ta buɗe ko ta ƙi, an rubuta.

Fa'idarsa a kan kwaɗo a fili take. Makulli in ya ɓata ko aka sallami yaro, sai ka canza kwaɗo, kuma ba ka san sau nawa aka yanka irinsa a kasuwa ba. Kati kuwa goge lambarsa kawai za ka yi, ya zama robar banza. Sannan ranar da kaji suka fara mutuwa, likitan dabbobi zai tambaye ka su wa suka shiga ɗakin a kwanakin nan. Mai kati yana da amsa a rubuce.

Amma a kula da abu uku:

Na ɗaya, wuta. Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, da an ɗauke wuta sai ya saki. A ƙasarmu ka san abin da wannan ke nufi. Dole a haɗa shi da batir mai bolt 12, in da hali da ɗan faifan sola. Akwai kuma irin wanda ke zama a kulle in wuta ta tafi, shi ya fi dacewa da sito, amma wajibi ne a bar hanyar buɗewa daga ciki saboda gobara.

Na biyu, kwafi. Katunan kilohaz 125 masu arha lamba kawai suke faɗa, ba su da wani sirri, kuma akwai 'yar na'urar da ke kwafe su nan take. Ko tsohon katin MIFARE Classic masana sun fasa sirrinsa tun 2008. In sito ne ko ɗakin magani, ka nemi irin su DESFire, ko ka haɗa kati da lambar sirri.

Na uku, aron kati. Rida kati take gani, ba ta ganin fuska. In Audu ya ba Tanko katinsa, za ta rubuta Audu ne ya shiga. Haka in mutum ɗaya ya buɗe, uku suka bi bayansa. Wannan doka ce ke gyara shi: duk abin da aka yi da katinka, kai za a tambaya.

AIKI NA BIYU: BIN SAWUN KAYA

Abinci shi ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kiwo, don haka nan ɓaraka ta fi yawa. Mu yi lissafi. Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 115 a rana. Kaji 500 ke nan za su ci kilo 57 da rabi kullum, wato wajen buhu 16 mai kilo 25 a sati. In sito yana fitar da buhu 18, to buhu biyu na tafiya wani wuri. Biyu a sati, buhu ɗari da 'yan kai ke nan a shekara. Ka buga wannan da farashin buhu na yau ka ga ko wasa ne.

Manyan kamfanoni suna kafa rida mai babban zango a bakin sito, duk abin da ya gifta ta ƙofar ya shiga lissafi da kansa, ba mai tsayawa ƙirga. A gona, inda abin ya fi biyan kuɗinsa shi ne kayan da ke fita su dawo: kiret ɗin roba na ƙwai, kejin ɗaukar buroila zuwa kasuwa, jarkoki da bahon dakon kifi, tukunyar gas ta ɗakin raino. Tag ɗaya zai yi ta zagayawa tare da kayan har su tsufa. Direba ya fita da kiret 200 zuwa wajen dillali, an karanta. Ya dawo da 185, an karanta. Ba gardama, ba rantsuwa, an san wajen wanda 15 suka maƙale. Har wa yau za ka san kiret ɗin da ya dawo daga kasuwa ba a wanke shi da magani ba, ka hana shi shiga ɗaki.

Manna tag a kan kowane buhu ko kowane kiret na takarda kuwa asara ce ga ƙaramin manomi, tunda in sun fita ba sa dawowa. Haka ɗaura wa kowace buroila zobe a ƙafa, kazar da za ka sayar a sati shida. Masu binciken iri da manyan gidajen ƙyanƙyasa ne ke yin wannan, domin su suna buƙatar sanin tarihin kowace kaza.

Masu kifi su lura da kyau. Tunda ruwa na shanye igiyar babban zango, in ka manna tag a ƙasan jarka cike da ruwa da tarwaɗa, rida za ta yi ta tsallake shi. A sa shi a sama, a marfi ko mariƙi. In kuma a jikin ƙarfe ne, kamar keji ko tukunyar gas, akwai tag na musamman da aka yi don ƙarfe, sitika ta yau da kullum ba za ta yi ba.

AIKI NA UKU: IYAYEN KIFI

Ga mai ƙyanƙyasar tarwaɗa, akwai wani tag da ya dace a sani. 'Yar kwalba ce mai tsawon wajen milimita 12, kaurinta milimita 2, ana tura ta cikin jikin kifi da allura ta musamman. A Amurka tun shekarun 1980 ake amfani da irinta wajen bin kifin salmon a kogin Kolombiya.

Amfaninta a wajenmu? Tarwaɗa ashirin a tanki ɗaya duk kamarsu ɗaya. Wace ce aka yi wa allura aka matse ƙwanta a watan jiya? Wace ce ƙwanta ke ƙyanƙyashewa da kyau? Wane namiji ne ɗan uwan wace mace? In ana haɗa 'yan gida ɗaya zagaye bayan zagaye, iri yana lalacewa: girma ya ragu, naƙasassu su yawaita, masu sayen 'ya'yan kifi su guje ka. Da tag, ka ɗaga kifi ka shafa masa rida, lambarsa ta fito, ka duba littafi ka ga tarihinsa.

Sharaɗi: wanda ya ƙware ne zai saka, da allura mai tsabta. Kuma kwalba ce, don haka duk kifin da ke ɗauke da ita in za a yanka ko a sayar don ci, a cire ta tukuna. Kifin da kake kiwo don kasuwa ba ya buƙatar ta sam.

ABIN DA BA ZA TA YI MAKA BA

Wannan shi ne inda masu talla ke yin shiru. RFID ba GPS ba ce. In aka sace kiret aka kai shi Dawanau, ba za ka buɗe waya ka ga inda yake ba. Abin da kawai za ta gaya maka shi ne wuri na ƙarshe da lokaci na ƙarshe da ya gifta gaban rida.

Ba ta san abin da ke cikin buhu ba. In an farke an ɗebi kwano uku an ɗinke, a wajenta buhu na nan. Sikeli ne ke kama wannan. Ba ta hana hawa katanga, ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta maye gurbin ruwan maganin tsoma ƙafa da canza takalmi a bakin ɗaki. Kuma in ba mai zama ya duba abin da ta rubuta, ka sayi ado ne kawai.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gonar da ke riƙe albashin yara wata biyu, ba na'urar da za ta tsare masa sito.

TO WA YA KAMATA YA SAYA?

In kajinka 50 zuwa 300 ne a bayan gida, ko tanki ɗaya ko biyu na kifi, kai da iyalinka ke kula da su: ba ka buƙata. Kwaɗo mai kyau, littafi, biro da sikeli sun ishe ka. Kuɗin ka zuba shi a rigakafi da abinci mai inganci.

In kana da ma'aikata biyu zuwa biyar, kuma ba a gonar kake kwana ba: fara da mai sauƙi. Idan wayarka na da NFC, sayi sitika irin su NTAG213, ka manna ɗaya a kowane ɗaki da kowane tanki. Akwai manhajojin da ke rubuta lokaci duk sa'ad da aka ɗora waya a kan sitikar. Ta haka za ka san ko da gaske an zagaya 'yan tsaki da ƙarfe 2 na dare, ko an ba kifi abinci a kan lokaci. Bayan nan sai ƙofa mai kati guda ɗaya, a sito.

In kana da ɗakuna da yawa masu kaji shekaru daban-daban, ko motar rarraba ƙwai da ɗaruruwan kiret, ko gidan ƙyanƙyasa: nan ne cikakken tsari zai iya mayar da kuɗinsa.

Ma'aunin dai ɗaya ne. Ka yi wata uku kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da hannu. In ka ga giɓi, ka ƙiyasta shi a shekara. In ya zarce kuɗin na'ura da na haɗawa da na gyara, ka saya. In bai kai ba, ka bar kuɗinka. Wanda bai iya riƙe littafi ba, kwamfuta ma ba za ta riƙe masa ba.

TAMBAYOYI SHIDA KAFIN KA BIYA

1. Wane zango ne, kuma tag ɗin da ridar sun dace da juna? A gwada a gabanka.

2. In babban zango ne, na wane yanki ne? Na Turai yana kan megahaz 865 zuwa 868, na Amurka 902 zuwa 928. Wani sashe na na Amurkan ya hau kan zangon da layukan waya na GSM ke amfani da shi a nan, don haka nemi irin na Turai. Hukumar NCC ce ke kula da wannan fanni a Nijeriya.

3. Tana jure ƙura da ruwa? Duba alamar IP65 ko sama. Ɗakin kaji akwai ƙura da warin amoniya mai cin ƙarfe, gonar kifi kuma kullum a jiƙe.

4. Tana aiki in ba intanet? Ta iya adana bayani a cikinta har sabis ya dawo?

5. Akwai kuɗin wata-wata na manhaja? In ka daina biya, bayananka na hannun wa?

6. In ta lalace wa zai gyara, kuma za ka iya sayen ƙarin kati a ko'ina ko sai wajensa?

Kada ka yarda da gwajin cikin shago. A zo gonarka, a manna tag a jikin kiret ɗinka da jarkarka mai ruwa, a wuce da su ta ƙofar sau goma. In ta tsallake ko sau ɗaya, a gyara kafin kuɗi ya fita.

Wanda ya taɓa amfani da ƙofa mai kati ko tag ɗin kifi a gonarsa, ya faɗa mana yadda ya gani a ƙasa, 'yan uwa su ƙaru. Mai tambaya ma ya ajiye, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allahu. A tura wa wanda ke shirin faɗaɗa gonarsa.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a kiwonmu.